Hash ko kulob ɗin gudun tsaunuka: wanne ya dace da baƙo a Sheffield?

Ɗan'uwa, ka ce aiki ya kai ka Sheffield a Ingila, kana son shiga cikin masu gudu a daji don motsa jiki da samun abokai, amma ka rasa na zaɓa tsakanin Hash House Harriers (Hash a taƙaice, ƙungiyar masu gudun nishaɗi da ke bin sawun da aka shata musu) da kulob ɗin gudun tsaunuka. Babban abin da ya raba su shi ne yadda kowanne ke yi da wanda ya gaji ya koma baya.

An kafa Hash a Kuala Lumpur a 1938, yau kuwa har Legas da Abuja akwai ta. Mutum ɗaya ko biyu, waɗanda ake kira zomo, su ke riga kowa fita suna yayyafa fulawa a hanya. Can sai a tarar da da'ira a ƙasa, alamar sawu ya ɓace, a nemo shi. Masu sauri su bazu, wasu su bi hanyar ƙarya su dawo, kafin a yi ihun "On-On", wato an gano sawun, na baya sun cim musu. Shi ya sa mai gudu da mai tafiya kan iso kusan tare, cikin kamar awa guda. Kuɗin shiga fam kaɗan ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama. Ana tsayawa a da'ira, a yi waƙoƙin barkwanci, wasu har da batsa, a miƙa wa baƙo kofin giya ya shanye. Ka gaya wa mai shirya taron tun farko cewa ruwa ko lemo kake sha, yawanci ba a musu. Amma zaman dai na giya ne, in ba zai yi maka ba kada ka yaudari kanka.

Kulob ɗin gudun tsaunuka irin Dark Peak Fell Runners na Sheffield, wanda aka kafa a 1976, ba ruwansa da fulawa. A kan Kinder Scout, tsauni kusa da Sheffield mai tsayin mita 636, hazo kan rufe ko'ina cikin 'yan mintuna, baƙin taɓo ya zurma da ƙafa har gwiwa. Ana jiran juna, amma jiran mutum cikin iska mai sanyi ba ya daɗewa, don haka ka tambayi rukunin masu bi a hankali kafin ka je. Takalmin gudun titi santsi yake yi a jiƙaƙƙiyar ciyawa, nemi mai haƙora milimita 6 zuwa 8. Rigar auduga kuma ajiye ta a gida: tana riƙe gumi, da ka tsaya sanyi ya shige ka. A jaka a samu riga mai hula da wando marasa shigar ruwa, safar hannu, taswira, kamfas, usur da ɗan abin ci. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, ba a fita da yamma sai da tocilan ta goshi. Targaɗe a gangara aka fi yin sa, rage faɗin taku, ido a kan inda ƙafa za ta sauka. Da bazara ka riƙa duba jikinka saboda kaska.

A ganina, tunda ka ambaci kaɗaici, gwada Hash sau ɗaya ka ga ko zaman ya karɓe ka. In bai yi ba, jira Afrilu rana ta ƙara tsawo ka fara da kulob ɗin tsaunuka. Aka samu rauni a sama, kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto a tsauni kake buƙata.