Lesin ɗin lissafi da na kai ƙanwata a Kabuga

Wata biyu kenan da na saka ƙanwata a wani lesin na lissafi nan wajejen Kabuga a Kano, tana SS2 kuma WAEC da JAMB na tafe, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani tunda iyaye da yawa na neman inda za su kai yaransu.

Abin da ya sa na kai ta tun farko alamar nan ce ta sigima, Σ, harafin Girkanci mai kama da M da aka kwantar. Yarinyar nan da ta gan ta a takarda sai ta rufe littafi ta ce ita kam Yaya ba za ta iya ba, alhali fomular tara jerin lambobi ma ta haddace ta kamar karatun allo, matsalar dai ba ta san me alamar take cewa a yi ba.

Ranar farko na zauna a bayan aji don in ga kamun ludayin malamin, kuma gaskiya ya burge ni, bai fara da fomula ba sam. Ce musu ya yi a ɗauka yarinya tana tara kuɗin kayan sallah a asusu, ranar farko ta azumi ta saka naira 200, kullum tana ƙara 50 a kan na jiya har kwana 30, nawa za ta fasa? Yara suka duƙufa da kalkuleta ana ta 200 da 250 da 300, ya bar su suka wahala sosai sannan ya ce to ku tsaya, na ranar ƙarshe 1,650 ne, haɗa shi da na farko ya ba ka 1,850, na biyu da na kusa da ƙarshe ma 1,850 ne, haka za ka yi ta haɗa su bibbiyu har sau 15, ka ga 27,750 kenan. Ajin ya yi tsit. Nan ya kawo labarin da ake bayarwa na Gauss, Bajamushen nan da aka haifa a 1777, wai yana ɗan firamare ya tara 1 zuwa 100 da wannan dabarar ya samu 5050 kafin malaminsu ya gyara zama.

Sai bayan nan ya rubuta sigimar a allo, ya ce ba komai ba ce illa umarni, wato tara. Lambar da ke ƙasan alamar inda za ka fara, ta samanta inda za ka tsaya. Ya ba su 3k+2 daga k=1 zuwa 20, wato a riƙa saka 1, 2, 3 har 20 a gurbin k ana tara abin da ya fito, na farko 5, na ƙarshe 62, jimla 67, sau 10 tunda lambobi 20 ne aka haɗa bibbiyu, 670. Inda na ƙara yarda da shi shi ne da ya canja ya ce a fara daga k=5, kusan rabin ajin suka ce lambobi 15 ne, har da ni a zuciyata wallahi, ashe 16 ne don ita 5 ɗin ma ana ƙirga ta. 17 da 62 sun ba da 79, sau 8, 632. Ya ce wannan ɗayan da ake mantawa shi ke cinye makin yara a jarabawa.

Amma fa wajen yana da nasa. Ɗakin ya yi musu kaɗan, fanka ɗaya ce kuma in an ɗauke wuta shi kenan sai fifita da littafi, ga ƙarar 'yan adaidaita daga titi, wanda ke baya da ƙyar yake ji. Ranar Asabar malamin yakan makara, sau biyu muna zaman jiransa fiye da rabin awa. Lokacin yamma kuma ya ci karo da Islamiyya, sai da muka je muka roƙi alfarma aka mayar da ƙanwar tawa ajin safe. Kuɗin da dama-dama, sai dai takardun aikin gida kai za ka biya kuɗin fotokofi.

Jiya na same ta tana koya wa autanmu tara 1 zuwa 50 a bayan kalanda, ta samu 1,275. Na biya mata na wata mai zuwa, kuma na ce ta riƙa sammako ta kama bencin gaba.