Henderson da Peplau a Gefen Gadon Majinyaci

Virginia Henderson, masaniyar aikin jinya ta Amurka, ta lissafa buƙatu 14 na majinyaci, irin su numfashi, ci da sha, barci da tsafta. Nas ta taya shi abin da ya gagare shi har ya iya da kansa.

Hildegard Peplau kuwa, ita ma masaniyar aikin jinya, tun 1952, cewa ta yi dangantakar nas da majinyaci ita kanta magani ce: nas ta zo a baƙuwa, su saba, ya amfana, su rabu. Dattijon da ya tura ƙwayoyin hawan jininsa ƙarƙashin matashi, lissafin buƙatun Henderson ba zai tono dalilinsa ba, sai an ja kujera an ce, "Baba, me ya hana?" Ni dai Peplau ta fi kwanta min, sai dai hanyarta na cin lokaci a ɗakin da gadaje suka cika.