Bamba da fitila ɗaya ba su kai a taso inshora ba

Malam, Allah Ya tsare gaba. Ka tambaya ko ka nemi kamfanin inshora ya biya gyaran motarka ko ka gyara da kuɗinka. Ginshiƙin get ya ci bambar mutane da yawa a garin nan na Kaduna, ba a kanka aka fara ba. Tunda ka ce bambar baya ce ta tsage, fitila ɗaya ta fashe, kuma kai da kanka ka yi ɓarnar wajen ribas, shawarata ka nufi Panteka, kasuwar masu gyara da kayan mota, da kuɗinka, ka ƙyale kamfanin inshora.

Amma fara ɗauko takardar ka ga wace iri ce. In ta naira 15,000 ce, wadda ake kira tad fati, to magana ta ƙare. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar wanda ka yi wa ɓarna zuwa naira miliyan 3. Wanda ka buga take biya. Motarka ba ta ciki, ginshiƙin gidanka ma haka. Sai mai cikakkiyar inshora, wadda ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota a shekara, ke da zaɓi biyu: ya gyara da kuɗinsa ko ya nemi kamfani ya biya. Ni kuwa na ɗanɗana kowanne.

Da hunturun bara ina sauri in kai yara Islamiyya a Unguwar Rimi, na ja Corolla ɗina baya na maka ta da katanga. Wani maƙwabcina ya raka ni wurin wani dattijo mai gyaran jikin mota a Tsohuwar Panteka. Ban gama bayani ba ya durƙusa, ya zura hannu ta ƙarƙashi ya shafa ƙarfen da ke bayan bambar, ya ce, "Alhaji, ƙashi lafiya lau, fata ce ta ji ciwo." Ya kwance bambar, ya gasa ta da iska mai zafi har lotsawar ta miƙe, ya ɗinke tsagar ta ciki da ƙarfe mai zafi. Abin da ya fi burge ni fenti ne. Ya buɗe ƙofar direba ya karanta lambar kalar da ke jikin 'yar takardar nan da Toyota ke liƙawa, duk da haka bai yarda da lambar kaɗai ba, ya ce ranar Kaduna ta riga ta koɗar da motar. Sau uku yana shafa haɗin a kan gwangwani yana karawa da murfin tankin mai a cikin rana. Kafin ya fesa sai da ya sa yaronsa ya yayyafa wa ƙasa ruwa don kada ƙurar hunturu ta zauna a ɗanyen fenti. Fitila kuma 'yar Beljiyam muka samo a wata rumfa kusa. Kwana biyu na karɓi motata, har da shayin da ya saya mini. Yau in ban nuna maka wurin ba, ba za ka gane ba.

Ɗaya hanyar kuwa, shekarun baya na goge ƙofa da get ɗin wurin aiki, na ce ai kuɗina na biya, bari in yi kilem, wato in nemi diyya daga kamfanin inshora. Sun biya, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sai dai bayan fom, da hotuna, da takardar kiyasin gyara, da jiran mai zuwa dubawa, mota ta yi kusan mako uku a ajiye ina hawan Keke Napep, sannan aka cire ekses.

Wannan ekses ɗin shi mutane ba sa karantawa. Kaso ne da aka rubuta a takardar cewa a kowane kilem kai za ka fara ɗauka, kamfani ya cika saura. A babban haɗari ba ka ma jin sa. A ƙaramin gyara shi ke cinye rabin abin. Sai kuma rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba, wanda ni na rasa nawa da na je sabuntawa. In takaful ka yi, wato inshora irin ta Musulunci, rarar da ake rabawa a ƙarshen shekara ma galibi waɗanda ba su yi kilem ba ne ke samu. Ka sa fanal bita biyu su faɗa maka farashi, ka cire ekses, ka cire rangwamen baɗi, ka cire kuɗin hayar makonnin jira. Abin da ya rage, a irin ɓarnarka, da wuya ya kai tankin mai ɗaya.

Inda zan ce ka kira su shi ne in murfin but ya daina rufuwa daidai, ko ƙarfen ciki ya lanƙwashe, ko motar irin sababbin nan ce mai kyamara da na'urori a jikin bamba, don fitilarsu ɗaya ma kuɗi ce mai ciwo. In haka ne, sanar da su nan take cikin wa'adin da takardar ta tanada, kuma kada kowa ya taɓa motar kafin su gani. Wanda ya gyara sannan ya kai rasit, shi ke shan musu.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Masu tare mutane a bakin ofishin sabunta takardun mota suna cewa "kawo in haɗa maka duka," da yawansu takardar bogi suke bugawa. Duk wanda ya ce zai yi maka tad fati ƙasa da naira 15,000, ka riƙe aljihunka. Ka duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na intanet, in ba ta fito ba, takarda ce kawai kake yawo da ita, kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincike a kanta. Haka in wani ejan ya ce a rubuta cewa wata mota ce ta buge ka ta gudu, ko a kumbura kiyasi ku raba, kada ka yarda. Zamba ce, kuma kai za ka sa hannu, ba shi ba.

A Panteka ma ba kowa ne dattijon nan ba. Akwai mai cika maka wurin da fila har kauri, damina ɗaya ta tsattsage. Akwai mai kiran fitilar China 'yar Beljiyam. Ka je da wanda ya san wurin, a yi ciniki kafin a kwance ƙusa ɗaya, ka ba da rabin kuɗi, saura sai ka ga fentin a rana. In motar za ta kwana, ka leƙa ƙarƙashinta ka ɗauki hoton katalis ɗinka, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, a gabansu, don kada a cire maka shi.