Kasuwar tsofaffin kayan fim a Landan, Faris da Amurka

Yaya, barka da war haka, ina fata kowa lafiya. Ka ce in ba ka labarin yadda ake cinikin tsofaffin hotunan fim da fostoci a nan Turai da kuma can Amurka, tunda ka ga na tsunduma ciki. To kasuwar ba ɗaya ba ce. Kowace ƙasa da irin kayanta, da irin yadda take karɓar mai saye.

Bari in fara da fosta, don shi ido ke fara gani. Na Ingila a kwance yake, faɗinsa inci 40, tsayinsa inci 30. Na Amurka a tsaye yake, inci 27 da 41 in tsoho ne. Na Faransa kuwa ƙato ne, santimita 120 da 160, wanda in ba ka da bango mai faɗi sai dai ya zauna a ninke a ƙarƙashin gado. Fim ɗaya, amma zanen daban, don a da kowace ƙasa takan ɗauki nata mai zanen. Shi ya sa mai tarawa na gaske ba ya tsayawa a ƙasa guda. Kuma kada layin ninki ya tsorata ka: kafin shekarun 1980 a ninke ake aika yawancin fostocin Amurka zuwa gidajen sinima, saboda haka wanda aka ce na 1955 ne amma sumul ba layi ko ɗaya, a tambayi mai shi dalili.

Ni dai hankalina ya fi karkata ga hotuna, waɗanda kamfanonin fim ke bugawa su raba wa jaridu da gidajen sinima, inci 8 da 10, galibi baƙi da fari. Su ne mafi sauƙin kuɗi, su ne kuma mafi yawan labari. Dillalin da ya san aikinsa ba ya fara nuna maka fuskar hoton, bayansa yake juya maka. A nan za ka ga hatimin kamfani da tawadar ta koɗe, da ɗan tsirin takarda da aka buga da tafireta aka manna da gam, mai bayanin su waye a hoton, wani lokaci har da jan fensirin editan jarida inda ya shata iyakar da za a yanke. A gaba kuma, can ƙasa a kusurwa, akwai lamba da fararen haruffa da ke nuna fim da jerin hoton. Takardar da ma tana da nauyi a hannu, gefenta kan ɗan lanƙwasa, ba ta da santsin roba irin wadda ta yaɗu daga shekarun 1970. Wasu dillalan na da ’yar tocilan mai shuɗin haske, in suka haska takardar zamani sai ta yi ƙyalli, ta kafin shekarun 1950 kuwa ko gezau.

Wajen yawan kaya babu mai kamo Amurka, kuma ba abin mamaki ba ne, gidan abin ke nan. A titin Hollywood akwai shagon Larry Edmunds da aka kafa tun 1938, hotuna akwati-akwati, ka faɗi sunan ɗan wasa a jawo maka jakarsa. Sun kuma fi kowa tsari: daga 1940 zuwa shekarun 1980 kamfanin National Screen Service ne ke rarraba kayan tallan fim, yana buga lamba a kansu da ke farawa da shekarar fitowa. In ka ga harafin R a gaban lambar, to bugun sake fito da fim ɗin ne, kuma farashi ya kamata ya sauko. Faris akasin haka take. A kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen sai ka tona da kanka, a tsugune, kuma a can ne ake taya kaya a yi ragi ba a ɗauke ka mara kunya ba. Landan tana tsakiya: kaya kaɗan, a tsabtace cikin leda, farashi a rubuce, mai shago ya yi maka bayani na rabin awa ko da ba za ka saya ba.

Inda Turai ta fi Amurka shi ne bayan ciniki. A Ingila da Faransa, in ka sayi abu ta intanet daga ɗan kasuwa, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar ba sai ka kawo dalili ba. A Amurka wannan ya rage ga mai shago. Amma fa gwanjon da ake yi a bainar jama’a bai shiga wannan dokar ba, guduma ta faɗi ciniki ya faɗa. Kuma kayan da aka aiko daga Amurka, kafin su iso hannuna a nan Landan sai an ɗora kuɗin aike da harajin VAT, wanda a yawancin kaya kashi 20 ne cikin ɗari. Arahar can takan narke a hanya.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara: rubutaccen labarin fim. Ko’ina ana sayar da shi, amma kaso mafi tsoka hoton takarda ne kawai da aka ɗaure da ƙusoshin tagulla biyu aka sa bango mai launi. Don karatu ba laifi, don ajiya kuwa bai fi kuɗin takardarsa ba. Wanda aka yi aiki da shi a wurin ɗaukar fim kamar bakan gizo yake idan ka dube shi ta gefe, domin duk gyaran da aka yi ana buga shi a takarda mai wani launi a cusa: fari da farko, sai shuɗi, sai ruwan hoda, sai rawaya, sai kore, kowanne da kwanan wata a sama. Sau da yawa akwai lambar kwafi a bango, da sunan ma’aikacin da aka ba. Takardar shaidar da dillali zai haɗa maka da ita kuwa, darajarta daidai take da mutuncin wanda ya sa hannu, tunda kowa na iya buga irinta a kwamfuta.

Tufafi da kayan da aka riƙe a fim, wannan fagen masu hannu da shuni ne, mu ’yan kallo ne. A 1970 da kamfanin MGM ya yi gwanjon rumbunsa, jajayen takalman da Judy Garland ta sa a fim ɗin The Wizard of Oz sun tashi a dala 15,000. A Disambar 2024 gidan gwanjo na Heritage da ke Dallas a Amurka ya sayar da wani ƙafa biyun na wannan fim, waɗanda aka taɓa sacewa a 2005 aka gano a 2018, a kan dala miliyan 28. Mai sayen kuwa miliyan 32.5 ya biya, domin gidan gwanjo na ɗora nasa la’adan a kan abin da guduma ta tsayar. A ƙananan kaya wannan la’adan yakan kai kwata na farashi, don haka kafin ka ɗaga hannu ka yi lissafi da shi.

Abin da ya fi burge ni ma ba na sayarwa ba ne. Ɗakin karatu na BFI, wato cibiyar fim ta Birtaniya, a bakin kogin Thames a nan Landan kyauta ake shiga, haka ɗakin karatu na Margaret Herrick a Beverly Hills can Amurka, inda za ka nemi rubutun fim na asali a kawo maka ka karanta a tebur. A can mutum ke horar da idonsa kafin ya fitar da kuɗi. In za ka fara, ka fara da hotuna, ka turo min sunayen ’yan wasan da kake so, kuma ka tanadi leda marar asid da wuri busasshe da rana ba ta haskawa. A gaida mutanen gida.