Wane Dandali Ya Dace Da Sabon Mai Bincike A Jos?

Da zarar takardar ƙaramin malami a Jami'ar Jos ko sabon ma'aikaci a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta fito a mujalla, sai masu shawara su yi masa caa: buɗe wannan, shiga wancan. Yawancin waɗannan shafukan intanet kyauta ne, amma da lokaci da data ake biya, mai tarin takardun jarrabawa a tebur kuwa ba shi da rarar ko ɗaya.

ORCID da Google Scholar ba sa cikin ciniki, ka buɗe su yau. Na farkon lamba ce mai gurbi 16 da za ta bambanta ka da dubban masu irin sunanka, na biyun kuma shi ke ƙirga waɗanda suka kafa hujja da aikinka.

ResearchGate, wanda aka kafa a 2008, zaure ne na abokan sana'a. Yana da amfani wajen neman takarda daga hannun marubucinta, sai dai ka duba yarjejeniyarka da mujalla kafin ka ɗora taka, domin kamfanin buga mujallu Elsevier ya taɓa maka dandalin a kotu kan haƙƙin mallaka. Academia.edu zai yi ta aiko maka saƙon an ambaci sunanka, amma sai ka biya kafin ka ga wanda ya ambata. Riƙe kuɗinka.

X, wato tsohon Twitter, ya fi kusa da 'yan jarida da jami'an Abuja, amma ba a manta gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ba. LinkedIn na masu neman tallafin bincike ne, da Turanci.

Wanda malamai ke rainawa shi na fi so ka duba: Facebook. In bincikenka a kan cutar da ke ƙona ganyen dankalin turawa ne, manomin Bokkos ko Mangu ba zai buɗe mujalla ba har abada. Amma ka rubuta layi goma da Hausa, ka sa hoton ganyen da ya kamu, ka faɗi lokacin feshi, kafin dare an kai shi zaurukan WhatsApp na dillalan kasuwar Farin Gada. Kwamitin ƙarin girma ba zai ba ka maki a kansa ba, ka san da wannan. Kuma ka shirya wa tambayoyi, don manomi zai nemi sunan magani da farashinsa, wanda bai samu amsa ba kuwa ba ya dawowa.