Gawayin noma ko takin kaji: wanne masararka ke nema?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce masararka ta yi rawaya bara, kuɗin hannunka kuma na abu ɗaya ne, ko gawayin noman nan da masu talla ke kira bayoca, ko takin kaji. Sayi takin kajin.

Rawayar da ta fara daga ganyen ƙasa, ta kama tsinin ganye ta bi tsakiyarsa, yunwar naitirojin ce, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Gawayi kuwa ba shi da abin ba mayunwaci. Ana yin sa ne ta hanyar gasa itace ko kara ko ɓuntun shinkafa a wuta mai zafin digiri 400 zuwa 600 ba tare da isasshiyar iska ba, kuma a wannan gashin naitirojin mai yawa ke bin hayaƙi. Wanda ya saura ya ɗaure a jikin gawayin, saiwa ba ta iya zuƙo shi. Na itace galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Busasshen kashin kaji yana da wajen kashi 3, yuriya kashi 46. To ka ga ba sa'o'in juna ba ne. Gawayi rumbu ne, ba hatsi ba: yana adana abin da ka zuba masa, amma shi kansa ba ya ciyar da shuka naitirojin.

Na taɓa sayen na buhu, mai kwali da hoton masara kore shar. Na zuba shi ɗanye a kunyoyin gefe, sai ga shukar wurin ta fi ta tsakiyar gona koɗewa, ta kuma makara wajen goyo. Abin kirki ɗaya da zan faɗa a kansa shi ne wurin ya ɗan fi riƙe laima idan ruwa ya yi fashi. Shi ke nan.

Abin da ya faru ba asiri ba ne. Sabon gawayi cike yake da ƙananan kofofi da ba komai a cikinsu, da zarar ya shiga ƙasa sai ya fara jan ɗan naitirojin ɗin da ke yawo cikin ruwan ƙasar. Ga kuma guntun abin da bai gama ƙonewa ba a jikinsa, wanda ƙwayoyin halittar ƙasa ke far wa da ci, su ma suna kwasar naitirojin don su hayayyafa. Daga baya suna sakin shi, amma masara ba ta jira. Makonnin farko da take neman ƙarfin tashi su ne daidai lokacin da ake rububin abincin nata.

Takin kaji fa? Ina da wani lungu a gona, jigawa ce fara fat, wadda masara ba ta wuce ƙugu a cikinta. Na tara kashin kaji da shimfiɗarsu tun rani, na rufe tsibin, ina yayyafa ruwa ina juyawa, har zafinsa ya mutu, ya koma baƙi mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Na zuba hannu-hannu a gindin kowane rami. Kafin noman farko ganyen ya yi duhu, faɗinsa ya kai tafin hannu, karan ya yi kaurin da sai ka sa ƙarfi kafin ka lanƙwasa shi. Maƙwabcin gonata ya tsaya a kan iyaka yana tambayata wane sabon iri na samo, alhali irin da muka raba ne ni da shi. A shekara ta biyu ma wurin bai koma gidan jiya ba, don ba duka takin ke narkewa a damina ɗaya ba. Sai dai ka tabbata ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro ƙurmus.

Ba cewa nake gawayi ƙarya ba ne. A dajin Amazon na Brazil akwai baƙar ƙasa da ake kira terra preta, wadda mutanen da suka zauna can ɗaruruwan shekaru da suka wuce suka bari, har gobe ta fi ƙasar kewayenta albarka. Amma ba gawayi zalla ba ne a cikinta, haɗe yake da ƙashi da toka da sharar gida. A 2011 wani mai bincike, Simon Jeffery, da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka ga gawayi ya ƙara amfanin gona da kusan kashi 10 cikin 100 a matsakaici. A 2017 suka sake lissafi, suka raba duniya biyu: a ƙasashe masu zafi ƙarin ya kai wajen kashi 25, a ƙasashe masu sanyi kuwa kusan babu. Dalili shi ne yawancin ƙasar yankin zafi tana da tsami kuma ruwa ya wanke ta, gawayi kuma yana kashe tsami kamar yadda farar ƙasa ke yi.

Gwajin da na fi so mutum ya riƙe shi ne na ƙasar Kolombiya, a Kudancin Amurka. An zuba gawayi tan 20 a hekta, sau ɗaya. Shekarar farko masara ba ta nuna wani bambanci ba. Ta biyu ta ƙaru da kashi 28, ta uku kashi 30, ta huɗu kashi 140. Masu talla 140 ɗin kawai suke karanto maka. Ba sa faɗa maka cewa duk filayen gwajin an ba su takin zamani, kuma masu binciken sun danganta ƙarin ne ga wasu sinadaran abincin shuka, kalsiyam da maganiziyam, ba naitirojin ba. Sannan ka yi lissafin tan 20 ɗin: tan 3 zuwa 4 na busasshen kara ake ƙonawa kafin a sami tan 1 na gawayi.

Inda yake taɓa naitirojin da gaske shi ne wajen riƙo. A jigawa, inda ruwan sama ke tafiya da taki ƙasa ya wuce saiwa, gawayi yana rage wannan asarar. Wake da waken soya ma sukan ƙara yawan ƙulluttukan saiwa, masu kamo naitirojin daga iska, a ƙasa mai tsami da aka sa wa gawayi. Idan kuwa ƙasarka laka ce mai ƙarfi, ko tana da kanwa-kanwa, bar kuɗinka a aljihu, mai kanwar ma gawayi na iya ƙara dagula ta. Kada kuma ka watsa yuriya a kan gawayi a saman ƙasa, iska za ka ba, sai ka binne.

Idan ranka ya biya da shi, haɗa shi da takin. Ka ƙona totuwa da kara a rami da kanka, ka kashe da ruwa kafin su zama toka, ka daddaka, ka zuba a shimfiɗar kaji ko cikin tsibin taki, kamar awo ɗaya cikin goma. Ka bar su tare aƙalla wata guda. Warin tsibin zai ragu, kuma warin nan naitirojin ne da ke gudu.

Ba ka tambaya ba, amma hattara da masu sayarwa. Akwai masu share dusar gawayin girki su haɗa da yashi da toka, su jiƙa don buhu ya yi nauyi. Na kirki ba shi da nauyi, ba ya warin hayaƙi, kuma baƙinsa yana fita a hannu da ruwa zalla. Idan sai da sabulu, bai gasu ba, akwai kwalta a jikinsa. Duk wanda ya ce da nasa ba ka buƙatar wani taki, juya ka tafi. Masu takin kajin ma ba waliyyai ba ne, wasu rabin buhu garin katako ne da ƙasa. Zura hannu har gindin buhu kafin ka biya, kuma kada ka yarda a zaɓar maka wanda za a buɗe.