Shiga Kadis: jirgin ƙasa, motar haya ko bas ɗin yawon buɗe ido?

Duk wanda ya tambaye ni yadda zai je Kadis, tsohon birnin nan na kudancin Sifaniya da Tekun Atalantika ya kusa kewaye shi, amsata ɗaya ce: ya hau jirgin ƙasa daga birnin Sevilla, ya bar wa ƙafarsa sauran aikin. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, tashar kuma tana bakin tsohon gari. Kana sauka, 'yan mintuna kaɗan za su kai ka gaban babbar majami'ar nan mai ƙubba ruwan zinariya, wadda aka fara gina ta a 1722 ba a gama ba sai 1838.

Garin masu tafiya a ƙasa ne. Finikiyawa suka kafa shi kusan shekara 3,000 da suka wuce, lungunansa kuma sun riga mota zuwa duniya. Da ƙafa za ka hau hasumiyar Tavira ka hango rufin gidaje da teku ta kowane gefe, ka leƙa majami'ar San Felipe Neri inda aka tattauna tsarin mulkin Sifaniya na 1812, da la'asar kuma ka gangara gaɓar La Caleta, tsakanin ganuwar San Sebastián da ta Santa Catalina, ka jira faɗuwar rana. Ni nan ne wurin da ya fi kwanta mini a rai.

Bas ɗin yawon buɗe ido? Gefen gari yake zagayawa, zuciyar garin ba ya shigarta.

Motar haya kuwa ta taɓa ƙona ni. Na karɓe ta a filin jirgi da daddare, gajiya ta hana ni duba jikinta. Ranar da na mayar, aka nuna mini wani ƙarzo a ƙasan bamba, aka cire kuɗi daga ajiyar da suka riƙe a katina, ba ni da hujjar musu. Idan dole sai ka yi haya, ɗauki bidiyon motar gaba da baya, har tayoyi da gilashi, kafin ka tayar da ita. Zaɓi yarjejeniyar karɓa da cikakken tanki, mayarwa da cikakken tanki. Kar ka yarda a cusa maka inshorar da ba ka nema ba a kan kanta. Ka tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ka kuma sani yawancin motocinsu masu giyar hannu ne. In ka tsallaka gadar shiga garin da aka buɗe a 2015, nufi garejin ƙarƙashin ƙasa kai tsaye. Masu tsayawa a titi suna nuna maka wurin ajiye mota don ka ba su wani abu ba ma'aikatan hukuma ba ne, kuma ba za su biya maka tara ba. Amfanin mota ɗaya ne: fita zuwa wasu garuruwan yankin, kamar Vejer, Conil ko Tarifa.

Kuɗin da ka tsira da shi, kai shi babbar kasuwar garin ka ci soyayyen kifi da tortillitas de camarones, wainar ƙananan jatan lande mai ƙarau-ƙarau. Amma a nan ma a yi hattara. Manteca colorá da ake shafa wa burodi da safe kitsen alade ne, chicharrones ma alade ne, duk abin da aka rubuta "al Jerez" kuma da giya aka dafa shi. Kifin da ba a sa masa farashi ba sai "S/M", wato gwargwadon farashin kasuwa, tambayi kuɗinsa kafin a ɗora shi a wuta. Jan kifin tuna na almadraba, wato wanda ake kamawa da tarkon raga na gargajiya tsakanin Afrilu da Yuni, yana da tsada. In ka gan shi da arha, yi shakka, domin an sha kama masu rina tuna maras daraja da ruwan jan gwoza don ya yi kama da shi.